Ajin Malam Haladu Ba Ya Ihu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Malam Haladu ake ce masa, shi ke koya wa 'yan aji uku Turanci a firamaren garin. Ku matso, 'ya'yana, ku saurara.

Mutanen garin nan da kunne suke auna makaranta. Mun saba da karatun allo, kowa ya ɗaga murya, kuma abu ne mai kyau. To sai suka ɗauka boko ma haka ne: ajin da ya fi ihu shi ya fi karatu. Malami ya faɗa, yara su maimaita, har kwano ya amsa. Amma ka tambayi yaro me ya ce, sai ya zuba maka ido.

Shi kuwa Malam Haladu ajinsa tsit. Sai ya ce su dubi hoto tukuna, su faɗi abin da suke zato. Su karanta layi kaɗan a zuci, ya tsayar da su. "Wa ake magana a kansa? Me ya yi? Faɗa mini da Hausa, kamar kakarka za ka ba labari."

Ai sai gari ya ɗauka. Aka sa masa Malam Shiru. Ya zo wucewa ta mahauta, Sarkin Fawa Tanimu, wanda 'yarsa Ladidi ke ajin, ya ɗaga murya: "Malam, yau ma barci aka sha?" Aka kwashe da dariya. Malam ya ce, "Allah ya ba da kasuwa, Sarki," ya wuce.

Iyaye suka kai ƙara wurin hedimasta, Tanimu ne a gaba. Hedimasta ya kira shi ya ce, "Haladu, ka sa su ihun nan kowa ya huta. In ba haka ba, zan karɓe ajin." Ku duba fa, abu mai sauƙi! Gobe ya sa su rera, jibi a yabe shi. Malam ya sunkuyar da kai, don ba shi da wata sana'a sai wannan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, amana aka ba ni. In na sa su faɗin abin da ba su gane ba, na cuce su, kuma Allah na gani."

Wata safiya sai ga Tanimu da kansa, ya zo janye 'yarsa. Malam ya ce, "Bismillah, Sarki, zauna mu ƙare wannan shafin, sai ku tafi." Ya zauna a bencin baya yana huci.

Yara suka karanta a zuci. Malam ya ce, "Me ya faru?" Wata ta ce wani manomi ne ya ɗaure ragonsa da tsohuwar igiya ya tafi kasuwa, ga kura na zagaye.

"To, me kuke gani zai biyo baya?"

Wasu suka ce kura za ta cinye shi. Sai aka ji murya daga baya: "Kai, ina! Rago da tsohuwar igiya? Ai tsinke ta zai yi!" Tanimu ne fa. Mutumin da ya tsufa cikin raguna, ina zai iya shiru?

Malam ya ce, "Sarki ya faɗi nasa. Ladidi, duba mana."

Yarinya ta duƙufa a kan littafi. Can sai ta tuntsire da dariya ita kaɗai.

"Ke, menene? Ya tsinke ko bai tsinke ba?"

"Baba, ya tsinke! Ya bi mai shi har kasuwa, ya cinye wa wata mata alayyafonta!"

"Ban faɗa ba!" Ya buga cinya. Sai kuma ya ƙura wa 'yarsa ido. Bakinta bai motsa ba, amma takardar Bature ta ba ta dariya. Ya miƙe a hankali ya ce, "Malam, ka yafe mini. Ke kuma zauna, in kin dawo gida kya ƙarasa mini." Shi da ya jagoranci ƙara, shi ya je ya janye ƙarar.

To, 'ya'yana, kun ji. Haƙuri da riƙon amana ba sa kunyata mai su, ko da gari duka na yi masa dariya. Ku malamai, kada yabon mutane ya sa ku ha'inci yaran da aka damƙa muku. Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo, kada ku tsaya a "ka yi karatu?" Ku zaunar da shi ku ce, "Ba ni labarin abin da ka karanta." Allah ya ba mu zuriya mai fahimta, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.