Shagon da Gado Bai San Yana da Shi Ba

Akwai wani manomi a Dumega mai suna Gado. Abin da ya mallaka bai wuce gonar da mahaifinsa ya bar masa ba, sai jaki ɗaya. Yana zaune da matarsa Habsatu da 'ya'yansu huɗu, babban cikinsu Marwa. Da damina ya yi noma, da rani ya tsallaka iyaka ci-rani. Amma tun da naira ta faɗi, abin da yake komowa da shi in an juya shi sefa ba ya kai su ko'ina.

Gado yana da taubashi, Munkaila, ɗan goggonsa Shatu. Shi ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, mai shadda da moto da baki. Duk inda suka haɗu sai ya ce, "Ga bawana ya zo." Gado ya yi dariya, don wasan taubasai ne.

Wata shekara bayan girbi, Munkaila ya zo Dumega. Ya ce akwai wata ƙungiya da za ta ba manoma takin zamani a farashi mai rahusa, amma sai wanda ya shiga da wuri. Ya karɓi katin ɗan ƙasa na Gado, ya ɗauki hotonsa gaba da baya da waya. Ya tsayar da shi jikin bango ya ɗauke shi hoto. Sannan ya fito da wasu takardu na Faransanci ya ce ya dangwala yatsa.

Bayan ya tafi, Habsatu ta ce, "Baban Marwa, mi anka rubuta cikin takardun ga?"

Gado ya ce, "Munkaila ne hwa. In ban yarda da ɗan goggona ba, da wa zan yarda?"

Taki bai zo ba. Da Gado ya tambaya, Munkaila ya ce ƙungiyar ta tashi ta bar ƙasa. Magana ta wuce.

Damina biyu bayan haka, hatsi ya fito, lokacin noman farko ya yi, sai ga maigari ya aiko kiran Gado. Sammaci ne ya zo daga masu lanho, wato masu karɓar haraji, na Dogon Dutsi.

Gado ya ari kuɗin mota ya tafi, yana tunanin kuskuren suna ne. Ai Gado da yawa a Arewa.

A biro, wato ofishin masu lanho, ya tarar da wata ma'aikaciya, Madam Hindatu. Ta duba katinsa, ta dube shi, ta ce, "Malam Gado, shagonka na siminti bai biya patanti, harajin kasuwanci, ba tun da anka buɗe shi. Mun rufe shi."

Gado ya ce, "Madam, ni ko ɗakin kwanana na laka ne. Ina ni ina shagon siminti?"

Ta juyo masa da takardu. Ga hoton katinsa, ga fuskarsa jikin bangon gidansa, ga shaidar yatsansa. Ta faɗa masa abin da ake bin sa, har da tarar jinkiri. Ko ya sayar da jaki da duk hatsin shekara ba zai kai rabi ba.

Aka kwatanta masa shagon, ya je ya gani. Ƙofa rufe da kwado, an manna takarda a jiki. Ya tambayi mai ɗinkin da ke kusa, shagon wa ne wannan?

Mai ɗinki ya ce, "Na Munkaila ne mana. Wa bai sani ba?"

Gado ya tarar da Munkaila a ƙofar gidansa yana shan shayi. Ko gezau bai yi ba.

"To, mi ne abin tada hankali?" in ji shi. "Sunana yana da bashin lanho na tsohon shago, ba su barina in buɗe wani. Sai na ari naka. Kasuwa ta mutu, iyaka a rufe, kowa dabara yake yi."

"Aro? Ka tambaye ni?"

"Suna ne kawai, Gado, ba gonarka na ɗauka ba. Kai mi kake yi da sunan? Ai gara ni na sa shi ya shiga biro." Ya yi dariya, ya zaro jaka biyu ya ajiye a kan tabarma. "Ga kuɗin mota. Ka koma gona, sati mai zuwa zan gyara komai."

Gado bai taɓa kuɗin ba. Ya juya ya tafi.

Ya koma wurin Madam Hindatu ya faɗa mata komai. Ta ce ta yarda da shi, amma biro ba ya aiki da yarda, da takarda yake aiki. Ko ya biya, ko mai shagon na gaskiya ya zo da ƙafarsa ya amsa laifinsa, ko kuma Gado ya kai ƙara wurin jandarma.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Goggo Shatu, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta dogara sanda ta zo har ɗakinsa.

"Gado, ni na goya ka lokacin da uwarka ta kwanta ciwo. In ka kai ƙara, ɗan uwanka kaso za shi. Ka yi mini haƙuri, zai gyara."

Gado ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Goggo."

Daga nan wahala ta fara. Don a ɗaga masa lokacin biya, sai ya kawo shaidar cewa shi manomi ne mazaunin Dumega. Ya je meri, wato ofishin magajin gari, magatakarda ya tafi taro. Ya koma ya samu takarda, aka ce sai an buga mata hatimi a Tibiri. Ya je Tibiri, babu wuta, na'ura ba ta aiki. Ya kawo ta Dogon Dutsi, aka ce sunan mahaifinsa a wannan takarda Illo ne, a kati kuma an rubuta shi da harafi dabam, sai an daidaita.

Ba wanda ya zalunce shi a wuraren nan, kowa ƙa'idar aikinsa yake bi. Amma kowace tafiya kuɗin mota ce, kowace tafiya kuma yini ne da hauya ba ta taɓa gona ba. Habsatu ta sayar da akuyarta. Ita da yara suka yi iyakar ƙoƙarinsu a gona, amma ciyawa ta fi ƙarfinsu. Maƙwabta sun shiga maimai, shi Gado ko noman farko bai gama ba.

Munkaila kuwa, sati mai zuwansa bai taɓa zuwa ba. Daga baya ma ya daina ɗaukar waya.

Wata rana Madam Hindatu ta ce masa, "Malam Gado, akwai lambar waya a cikin takardun shagon. In da katinka anka buɗe ta, duk abin da anka yi da ita kai za a nema. Ka je kamfanin ka bincika."

Ya je da katinsa. Ma'aikacin ya duba ya ce lallai akwai layi da sunansa, kuma ana ta shigar da kuɗi ana fitarwa. Gado ya ce a rufe shi yanzu.

Ma'aikacin ya rufe, sannan ya ce, "Amma akwai kuɗi masu yawa a ciki. Kai kaɗai ke iya fitar da su, tunda kai ne mai kati."

Gado ya ce a bar su yadda suke.

Washegari yana gona, sai ya ji ƙarar moto. Munkaila ne, wanda aka yi ta nema ba a gani ba. Ya ratso ciyawa da farar shaddarsa, ƙarangiya ta kama masa ƙafar wando.

"Yaya Gado, sannu da aiki."

Gado bai ɗago ba. Tun suna yara bai taɓa jin Munkaila ya kira shi yaya ba.

"Duk jarina yana cikin layin nan. Har kuɗin mutane da sunka ba ni na kaya. Kuma rufin shagon yana yoyo, ruwan shekaranjiya ya shiga. In ba a buɗe ba simintin zai daskare. Ka zo mu tahi ka buɗe layin, in ba ka wani abu."

Habsatu tana gefe tana cirar ciyawa da hannu. Ta miƙe tsaye.

"Baban Marwa, ba shi ya ce suna ne kawai ba? To sunan naka ne, kuɗin ma naka ne. Hukuma ta ce naka ne. Ka je ka fid da su. Dubi gonar ga. Mi za mu ci bana? Akuyata tana ina?"

Gado ya dubi gonar. Hatsin ya yi rawaya, ya tsaya gajere a cikin ciyawa. Ya san Habsatu tana da gaskiya. Ya san in ya ɗauki kuɗin babu wanda zai iya kama shi, domin Munkaila ba zai iya ƙara ba sai ya fara tona kansa.

Can ya ce, "Habsatu, in na ci kuɗin ga, na yarda ke nan shagon nawa ne, bashin ma nawa ne. Kuma akwai haƙƙin mutane ciki. Ni ba ɓarawo ba ne, ba zan zama ba saboda shi."

Ya juya ga Munkaila. "Ba na son ko dala taka. Gobe mu tahi biro, ka hwaɗa musu da bakinka abin da ka yi. A cire sunana. A biya lanho daga kuɗin, a mayar wa mutane nasu. In ka ƙi, layin na nan rufe, ni kuma jandarma zan nufa. Na yi wa Goggo haƙuri har gonata ta mutu. Ya isa."

Munkaila ya roƙa, ya yi rantsuwa, ya kawo zancen zumunci. Da ya ga babu ƙofa, sai ya yarda.

A gaban Madam Hindatu da shugabanta, Munkaila ya amsa komai, muryarsa ƙasa-ƙasa. Aka cire sunan Gado. Aka haɗa wa Munkaila tsohon bashinsa da sabo da tara mai nauyi. Da yake Gado bai shigar da ƙara ba, kuma dattawa sun shiga maganar, Munkaila bai kwana kaso ba. Amma da aka buɗe shagon, fiye da rabin simintin ya zama dutse. Ya sayar da moton ya cika kuɗin mutane. Kasuwa kuma ta ji labari, babu mai ba shi kaya bashi.

Kada ku ɗauka Gado ya koma gida ana yi masa guɗa. Wasu dangi cewa suka yi ya karya ɗan uwansa. Habsatu ta yi kwanaki ba ta sakar masa fuska ba. Goggo Shatu kuwa ta daina amsa gaisuwarsa. In ya durƙusa a ƙofar ɗakinta sai ta kau da kai. Wannan ya fi komai ci masa rai.

Kaka ta zo. Abin da Gado ya girba bai rufe gindin rumbu ba. Ya fara shirin tafiya ci-rani tun kafin kowa ya tashi.

Ana saura kaɗan ya tafi, da hantsi, sai ga amalanken jaki ya tsaya a ƙofar gidansa, an ɗora masa dammunan hatsi. Goggo Shatu ce zaune a kai. Hatsin 'yar gonarta ne, wadda take ci da ita.

Gado ya ce, "Goggo, wanga hwa?"

Ta ce, "Na bi ta gonarka ranar da kuke girbi, na gani da idona. Ni na ce ka yi haƙuri, haƙurin ne ya cinye maka hatsi. Ɗana ya yi ɓarna, ni na haihe shi. Abin da nike iyawa ke nan."

"Ke kuma mi za ki ci?"

"Cikina ɗaya ne, kai shida kake ciyarwa. Sauke, kada ka sa ni magana."

Habsatu ta fito ta kama hannun tsohuwar ta sauko da ita, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Gado ya fara sauke dammunan ɗaya bayan ɗaya, yana juya fuska don kada yaransa su ga idonsa.

Darasi: Sunanka dukiya ne, ko da ba ka da komai a aljihu. Kada ka ba kowa katinka ko hotonsa, kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, ko da ɗan uwanka ne ya kawo ta. Ka nemi wani dabam ya karanta maka, wannan ba rashin yarda ba ne. Ka je ka bincika layukan waya nawa aka buɗe da sunanka. Kai kuma ɗan kasuwa, komai tsananin kasuwa, ka je ka nemi sauƙin biyan harajinka da sunanka, kada ka ɓuya bayan talaka. In kuma dama ta zo maka ta rama cuta da cuta, ka tuna haƙƙin wani ba ya zama naka don takarda ta ce naka ne. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa, musamman iyayenmu na ƙauye da ba su karatun boko, ku karanta musu shi da bakinku.