Ƙasar da Ba Ta Riƙe Sawu

A zamanin da fatake kan yi wata uku a ƙafa kafin su fita daga kurmi, an yi wani maharbi da ake kira Ranau. Ranau na Jatau, mai karanta ƙasa, dodon gada! An ce in ya dubi sawun barewa yakan faɗi ko tana da ciki. Aibinsa ɗaya ne, bai yarda da kowa ba. Ko ruwa ka miƙa masa sai ya shinshina.

Yayansa Jatau madugu ne, shi kuwa Ranau shi ke shiga gaban ayari yana duba hanya. Wata shekara suka ɗauko kanwa, su wajen arba'in, suka yi ta nausawa kudu har ƙasa ta ƙare musu a Ojeku, tsohon garin masu jiragen ruwa. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganin teku.

Mutanen Ojeku ba su yi murna da su ba. Shekara biyu kafin nan wasu baƙi sun zo da sunan ciniki, suka tafi da 'ya'yan garin a ɗaure. Da Jatau ya nemi masauki, sarkin jirage ya daɗe yana kallon bakan Ranau, sannan ya nuna wani fili a ƙasan gari, ya ce ta bakin tafinta, "Ku sauka can. Duk naku ne."

Fili ne na gani na faɗa, farin rairayi shimfiɗe kamar tabarma, ba ƙaya ba kututture, teku kuwa tana can nesa. 'Yan dako suka zube kaya suka miƙe ƙafa.

Ranau bai zauna ba. Ya zaga filin, ransa na ƙara ɓaci. Ba tururuwa, ba ciyawa, ba kashin akuya, alhali garin cike yake da awaki. Ga jirage kwance a busasshiyar ƙasa, amma an ɗaure su tamau da dogayen igiyoyi. Abin da ya fi tayar masa da hankali, duk faɗin wurin babu sawun jiya ko ɗaya.

"Yaya, mu tashi," in ji shi. "Ƙasar nan ba ta riƙe sawu. Akwai mai share ta kullum."

Jatau ya yi tsaki. "Ka fara ko? In an hana mu ka ce mugunta, in an ba mu ka ce tarko. Mu raina kyautarsu yau, gobe wa zai sayi kanwarmu?"

Ranau ya roƙe shi har da hawaye, ya ƙi. Mutum goma sha bakwai suka bi Ranau zuwa kan wani dutse, saura suka zauna.

Bayan azahar teku ta taso ta nufo filin. Ba ta gaba kaɗai ta zo ba, ta wani kwari ta zagayo ta bayansu ta tare hanya. Ranau ya yi ta kiran yayansa har muryarsa ta dushe. Nan da nan sai ga jiragen Ojeku a kan ruwa, suka tsamo mutane da yawa. Kanwa ta narke. Jatau kuwa ya koma ɗauko wani ɗan dako mai ciwon ƙafa, ba a sake ganin ko ɗayansu ba.

Sarkin jirage ya rantse cewa ya zaci kowa ya san teku tana tafiya tana dawowa. Ranau dai ya ga matuƙan garin zaune gindin jiragensu tun hantsi. Ko ceto suke jira, ko ganima, har ya mutu bai sani ba, kuma bai yafe ba.

Bai koma gida ba. Ya ce ba shi da bakin faɗa wa uwarsu, kuma muddin yana raye ba za a ƙara nuna wa baƙo filin nan ba. A kan dutsen ya kafa unguwar da ake kira Sawu-kwana.

Har yau duk wanda zai yi gini a unguwar yakan cire takalmi ya taka wurin, ya tafi sai gobe. In sawun ya kwana, a haƙa tushe. In ya goge, ko sarki ne ya ba shi filin, ba ya so.