Sabon Ɗalibin Malam Jibo

An yi wani shugaban ƙaramar hukuma, Alhaji Mainasara, mai biyan malaman ƙauye rabin albashin na cikin gari. Malam Jibo na firamaren Tungar Goje ya gaji, ya same shi a gaban jama'a.

"Ranka ya daɗe, allonmu ɗaya, allinmu ɗaya. Me ya raba albashinmu?"

"Ɗalibai," in ji Shugaba. "Kawo mini ɗalibinka guda, wanda ni da bakina zan ce babu wanda ya fi shi a garin nan, sai in daidaita ku."

Malam Jibo ya san ko wa ya kawo kushe shi za a yi, amma ya ce to.

Ranar Laraba sai ga shi da wani dattijo rataye da jakar littattafai. Shugaba na ganinsa ya tuɓe takalmi ya tsuguna. Baba Ɗankane ne, mahaifin matar Shugaba.

"Ga ɗalibina, ranka ya daɗe. Shekaranjiya ya shiga ajin yaƙi da jahilci."

"Har na iya harafi uku," in ji Baba.

"To, wa ya fi shi a garin nan?"

Shugaba ya sunkuyar da kai. "Babu."

"Kunnen Baba ya yi nauyi, a ɗan ɗaga murya."

"Na ce babu."

"Madalla," in ji Baba. "Malam, mu tafi kada in makara."

Wata na ƙarewa albashi ya zo daidai. Baba kuwa har yau yana kan harafi na uku.