Allon da Malam Ya Hana a Wanke

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, wannan kaɗan ne daga abin da idona ya gani na karamar shehinmu, malamin malamai, masanin Fiƙihu da Tafsiri, mai tsantseni da gudun duniya, wanda tun tasowarmu a Talata Mafara ba mu taɓa jin ya ɗaga murya a kan yaro ko babba ba, Allah Ya ƙara masa yarda. Ba zan kama sunansa ba, domin ya hana, kuma duk wanda ya sani ya sani.

Daga cikin abin da Allah Ya keɓe shi da shi akwai zaman da yake yi bayan La'asar a zaurensa, ba da yara ba, da dattawan da duniya ta gama mora ta ajiye: tsofaffin masinjoji da direbobi da suka yi ritaya, da manoman Maradun da rashin tsaro ya koro cikin gari, kowa da furfurarsa da allonsa. Mahaifina, Malam Hashimu, yana cikinsu. Ya ƙarar da ƙarfinsa yana buɗewa da rufe ƙofofin ruwa a magudanan noman rani na wajen Bakura, an cire shi daga makarantar allo tun bai kai ko'ina ba, kuma ranar da aka sallame shi daga aiki bai biya gida ba sai da ya sayi allo. Burinsa ɗaya, ya sauke Alƙur'ani kafin a sauke shi a kabari.

Ni duk wannan a waya na riƙa jin sa, ina can ina yawona tsakanin Legas da Kwatano, wurin da na kwana biyu sai ƙafata ta fara ƙaiƙayi. A waya na ji irin abin da gari ya yi masa. In ya ratsa ta bakin kasuwa, 'yan kabu-kabu su ce, "Ɗan makaranta, yau Malam ya zane ka?" Yayana Kamilu kuwa cewa yake, "Baba, don Allah ka sa allon nan cikin jaka. Mutum da jikoki shina ratsa gari da allo a hammata, mu aka yi ma dariya." Baba bai taɓa sa shi a jaka ba. Haka ya yi ta hawa, sura bayan sura, shekara bayan shekara, daga Nasi har ya shiga Baƙara, har ya rubuta allonsa na ƙarshe da hannunsa, Malam ya duba masa ya ce ya je ya tilasa ya kawo.

Bai kawo ba. Kafin ranar ta zo ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya tafi. Da na iso gida na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ni ne Sadi, na dawo." Ya dube ni, bakinsa ya motsa, babu abin da ya fito sai miyau. Shekaru ban ji muryarsa ba sai ta waya, ga ni ga shi, babu ita. A asibiti an ce mu yi haƙuri. Allon yana jingine a gefen shimfiɗarsa, kullum idonsa a kai.

Wata Talata da hantsi, ana ta hayaniyar kasuwa, Kamilu ya shigo da buta da ƙwarya ya ce, "Ga magani nan jingine muna ta wahala. Ayoyin Allah ne, kuma Malam ya sa albarka. A wanke a ba shi shi sha." Ya miƙo mini ƙwaryar, ya kai hannu zai ɗauki allon. Baba ya riga shi. Da hannunsa mai lafiya ya fizgo allon ya rungume a ƙirji, yana wani irin gurnani, hawaye na bin gemunsa. Kamilu ya ce, "Ka gani ko? Hankalin ma ya fara tahiya. Riƙe min hannu nai." Ya ɓamɓare yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora allon a kan ƙwarya, ya karkata buta.

A nan muka ji sallama. Kowa a unguwa ya san ranar Malam yana Bakura wurin karatu, ba ya dawowa sai Azahar ta gota, kuma babu wanda ya aika masa. Ya shigo da sandarsa, ya dubi butar, ya ce a hankali, "Kamilu, aje. Ba a wanke allon da ba a biya ba."

Kamilu ya ce, "Allah gafarta Malam, da wane baki za shi biya?"

Malam ya ajiye sandarsa. Ya zauna a ƙasa kamar yadda yake zama a zaure, ya sa aka jingina Baba da bango, ya ɗora masa allon a cinya, ya ɗan rufe ido yana motsa leɓe, sannan ya ce, "To, Malam Hashimu, muna sauraro. Biya."

Na rantse da wanda raina ke hannunSa, bakin nan da ya karkace, wanda ko ruwa ba ya riƙewa, shi ya buɗe da Bismilla, garau, da muryar da na sani tun ina yaro. Ya bi layi da yatsa, bai yi gargada ba, wuri ɗaya ya yi tuntuɓe Malam ya ɗaga masa gira ya koma ya gyara da kansa, har ya dire a aya ta ƙarshe. Innarmu tana bakin ƙofa ta toshe baki da zane. Malam ya shafa fatiha ya ce, "Ka sauke. Yanzu a wanke." Shi da kansa ya wanke ya ba shi ya sha.

Na matsa da sauri na ce, "Baba, Sadi ne. Ka ce wani abu." Ya dube ni da idon da ya san ni sarai, bakin ya motsa, shiru. Bai ƙara furta komai ba har Allah Ya karɓi abinsa kafin damina ta faɗi.

Tun Baba yana da rai aka yi walimar sauka. 'Yan kabu-kabun nan su suka fara cika tabarma, suna tanɗar hannu suna cewa dama sun san Baba ba ƙaramin mutum ba ne. Kamilu ya sa babbar riga yana karɓar barka. Ni kuwa na tashi na bar tabarmar. Na bi Malam har zaure na ce, "Allah gafarta Malam, tunda an buɗe sau ɗaya, a ƙara buɗewa mana. Sunana kawai nake so ya kira."

Ya ce, "Ni ban buɗe komi ba, Sadi. Abin da yar rage mai na magana, shi yas san abin da ya aje ma shi."

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki allon na kai masa, na ce ya rubuta mini ayoyin nan na ƙarshe, domin su kaɗai na ji daga bakin mahaifina tun dawowata. Ya juya allon a hannunsa ya ce, "Daga Nasi aka farawa, kamar yadda yaf fara. In ka zamna, za ka iske su."

Tsakanina da su akwai Alƙur'ani gaba ɗaya, ni kuwa tun da na fara yawo ban taɓa cika damina biyu a gari ɗaya ba. Jakata tana nan a ɗaure a bayan ƙofa. Amma La'asar ta yi, wurin Baba yana nan kusa da ƙofar zaure tsakanin tsofaffi, kuma jiya da na ratsa ta bakin kasuwa da allo a hammata, na ji an ce, "Ɗan makaranta, ɗan gado."

Allah Ya jiƙan Malam Hashimu, Ya sa karatunsa ya haskaka masa kabari. Allah Ya ja zamanin shehinmu, Ya ɗaukaka darajarsa, Ya ba shi ladan kowane tsoho da bai kunyata ba. Ya Allah, don albarkar bayinKa na gari, Ka ɗaure ƙafata a garin nan har in kai inda mahaifina ya dire. Amin.