Shafa'atu da Kwali Arba'in na Alhaji Attahiru

Akwai wata mata 'yar Nahuce ta ƙasar Bungudu, sunanta Shafa'atu Tukur. Ita ke riƙe da sito a wani ɗakin gwajin jini da fitsari mai zaman kansa a Gusau. Mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu, da wannan aikin take ciyar da su.

Cikin kayan da take ajiyewa akwai wasu fararen ƙyallaye da ake goge tebura da na'urori da su a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta. A liƙe suke zuwa cikin leda, jiƙe da sifirit. Suna da wa'adi, ba sa son zafi, ba sa son danshi. Idan leda ta buɗe ko sifirit ya bushe, sun zama tsumma, sai dai su kwashi datti daga nan su shafa can.

Wata Talata mai wurin, Alhaji Attahiru, ya iso da kwali arba'in a bayan a-kori-kura. Ya ce ya same su da araha wajen wani ɗan kasuwa a Tsafe.

Shafa'atu ta yanka kwali ɗaya. Gindinsa ya yi laushi, ga shatin ruwa. Direban ya ce a shagon kwano suka yi bazara da damina. Ta ɓare leda ta shinshina, ko warin sifirit babu, ƙyallen a bushe ƙamas. Wa'adinsu ya wuce da wata goma sha huɗu.

Ta ce ba za su shiga sitonta ba.

Alhaji ya yi dariya, ya ce ƙyalle ai ba nono ba ne da zai yi tsami. A yayyafa musu sifirit, a liƙa sabuwar takarda a kan tsohon kwanan wata, magana ta ƙare.

"Alhaji, da sakamakonmu likita ke rubuta wa mutum magani," in ji ta. "Hannuna ba zai liƙa takardar nan ba."

Ya tuna mata marayunta a gaban ma'aikata. Ya ce ta zaɓa, ko takarda ko aiki. Kowa ya sunkuyar da kai.

Shafa'atu ta ɗauki alƙalamin maka ta rubuta YA LALACE a jikin kwalin da ke sama. Ta ɗora makullan sito a kai, ta gyara mayafi ta fice.

A Nahuce ba a yi mata tafi ba. Yayanta Tajuddeen ya ce girman kai ne ya sa ta zubar da abincin yara saboda tsumma. Ta ce masa ya kira shi duk sunan da ya ga dama. Ta kafa tanda a ƙofar gida ta fara suyar waina. Akwai ranakun da cinikin bai kai na cefane ba, amma ba ta kira Alhaji ba.

Can Gusau kuwa an liƙa takardu, an ci gaba da aiki.

Bayan wata biyu wata likita a Tsafe, Dakta Juwairiyya, ta lura da wani abu. Marasa lafiya biyar daga ƙauyuka daban-daban, duk sakamakonsu da ya fito daga ɗakin gwajin Alhaji ya nuna ƙwayar cuta iri ɗaya. Cikinsu akwai Saude, matar wani manomi a Kucheri, mai ciki wata bakwai. Kwana shida ana yi mata allurai masu ƙarfi, tana amai tana ramewa. Likitar ta sake aika gwajinta wani wuri, aka ce babu wannan cutar a jikinta.

Dakta Juwairiyya ta zo Gusau da kanta, ta ce a buɗe mata sito. Da farce ta ɓanɓare takarda ɗaya ta ga tsohon kwanan wata. Daga ranar ta daina aiko da gwaji, sauran likitoci ma suka janye.

Ranar Juma'a da hantsi motar Alhaji ta tsaya a gaban tandar Shafa'atu. Ya gaishe ta da ladabin da ba ta san shi da shi ba, ya roƙi ta koma.

Ta ce za ta koma, amma sai an lalata kwalayen a gabanta, an mayar da sito ɗaki mai sanyi, an ɗora kaya a kan katako. Sannan a nemo duk wanda aka yi wa gwaji cikin wata biyun nan, a gaya masa gaskiya, a sake masa kyauta.

"Wannan na ƙarshen zai kashe min suna, Malama."

"To ga waina nan da zafinta, Alhaji. Ka saya ka koma."

Alhaji ya ce ya yarda.

Kucheri suka fara zuwa. Alhaji Attahiru ya tuɓe takalmi a zauren mijin Saude, ya durƙusa a kan tabarma, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa. Shafa'atu kuwa tana cikin gida, riƙe da hannun Saude, tana ba ta kunu a hankali.

Darasi: Kwanan watan da ke jikin kayan asibiti ba ado ba ne, lafiyar wani ce ke rataye a kai. In amana na hannunka, ka ce a'a ko da kai kaɗai ne a ɗakin. Ku tura wa duk mai riƙe da sito, kemis ko ɗakin gwaji.