Jakar Jildou a Kan Tuta

Akwai wata yarinya a layinmu, nan garin Leeuwarden na ƙasar Holan, sunanta Jildou, 'yar shekara sha shida. Tun tana cikin zanen goyo uwarta Marrit ke ɗora hotunanta a shafinta na intanet. In hoto ya samu yabo, ranar akwai runguma da kek. In bai samu ba, sai ka ji, "Ke dai ba ki iya murmushi ba." Haka yarinyar ta tashi, ba ta ganin kanta da daraja sai baƙi sun yaba.

Ranar da sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, duk wanda ya ci ya rataya jakar makarantarsa a sandar tutar ƙofar gida, kamar yadda aka saba. Kafin la'asar hotunan tutoci sun cika wayar Jildou. Sai ga kiran malaminta, Malam Hoekstra.

"Jildou, lissafi ya kayar da ke, amma da ƙyar. Ki zo gobe ki ba da sunanki, ki sake rubutawa mako mai zuwa. Na tabbata za ki ci."

Ƙawayenta kuwa sai tsiya suke mata: "Ke, ina taki tutar? Ko ɓeraye sun cinye jakar?"

Ta fita ta rataya jakar, wai hoto ɗaya za ta ɗauka ta sauke. Sai ga Marrit a kan kekenta ta dawo daga aiki. Ta kurma ihun murna, ta ɗauki hoto, ta watsa wa duniya. Maƙwabta muka kai furanni, har da ni. Jildou ba ta taɓa samun yabo irin na ranar ba.

Washegari ba ta je makarantar ba. Ta san duk wanda aka gani a ƙofar makaranta a makon nan an san ya faɗi, kuma wani zai ɗauke ta hoto. Ranar jarrabawar tana ɗaki tana karanta "barka" na mutanen da ba su san ko launin idonta ba. Abin nan har yau yana ci mini rai.

A kasuwa, wajen mai cuku, Marrit ta haɗu da Malam Hoekstra, ya gaya mata komai. Ta dawo gida tana huci.

"Shekara guda kika zubar saboda hoto? Wa ya koya miki wannan haukan?"

Jildou ta ɗago kai. "Mama, da na ce miki na faɗi, me za ki ɗora?"

Marrit ta ce, "To, kada mu goge hoton tukuna. Za mu ce hutun shekara kika ɗauka."

Darasi: Yaron da bai samu ƙauna a gida ba sai ranar da ya burge, zai manne wa waya yana roƙonta a wajen baƙi, ko da zai rasa makomarsa. Ku rungumi 'ya'yanku ranar da suka faɗi. Ku tura wa iyayen da kuka sani.