Tabawa da Tambayar Ciyaman

Da tsadar abinci ta kai intaha, wani ciyaman ya tara jama'a da 'yan jarida don rabon kuɗin tallafi. Sai dai ambulan ɗin ba su kai yawan mutanen ba, don haka ya kafa sharaɗi.

Ya ce, "Kowa zai faɗa mana halin cikinsa. Wanda ya ce yunwa yake ji ya zagi gwamnati, ba shi da rabo. Wanda ya ce ya ƙoshi, ba ya bukata."

Tabawa mai daddawa, wadda jikokinta suka kwana a kan ruwan kanzo, ta matso ta durƙusa.

Ciyaman ya ce, "Iya, yunwa ko ƙoshi?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba kai ka ce a rediyo tallafinka ne ya kori yunwa daga garin nan ba?"

"Ni ne."

"To ni ban karɓa ba tukuna. In na ce na ƙoshi, waɗannan masu kyamara za su rubuta cewa ana ƙoshi ba da tallafinka ba. Ni kuwa ba zan ƙaryata ka a bainar jama'a ba. Miƙo, sannan in amsa."

Ciyaman ya saci kallon 'yan jarida, ya miƙa mata yana murmushin dole.

"To, yanzu fa, Iya?"

Tabawa ta leƙa ambulan, ta ƙulle a bakin zane.

Ta ce, "Bari in je in tambayo mai masara, ranka ya daɗe. Amsar tana wurinsa."